Gidaje Goma Sha Biyu Cikin Minti Huɗu

A cikin Zariya, a saman wani bene da ke kallon layin 'yan katako, akwai wani ofishin masu zanen gine-gine. Sunan ofishin ba zai ƙare mu da komai ba. Mai ofishin dai Alhaji Shitu ake ce masa, mutum ne mai son a gama aiki tun kafin a fara shi, kuma duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa.

A ofishin nan Malam Isiyaku ya yi shekara talatin da ɗaya yana zana wa mutane gidaje. Ya fara tun zamanin da ake shimfiɗa takarda a kan faffaɗan allo, a ja layi da fensir da rula, in an yi kuskure a kankare da reza. Da kwamfuta ta shigo bai yi taurin kai ba, ya zauna ya koya. Sai dai ya koye ta ne irin yadda dattijo ke koyon babur, a hankali, ƙafa ɗaya kusa da ƙasa. Hannunsa na dama a kan maus, na hagu ya tallafe haɓa. In zai ja layi, sai ya tura 'yar kibiyar nan can saman fuskar kwamfuta, ya nemo hoton layi, ya gyara zaman tabarau, ya tabbatar shi ne, ya yi bisimilla, ya danna, sannan ya gangaro da kibiyar inda zai yi aiki. In zai goge, ya sake komawa sama neman hoton abin gogewa. Kibod kuwa, in ba lambar awo zai rubuta ba, babu abin da ke haɗa su. Har riga ya sa matarsa ta ɗinka wa kibod ɗin da ragowar atamfa, wai saboda ƙura.

Kuma yana da wata ɗabi'a da ke cin lokaci. Kafin ya ja layi ko ɗaya, sai ya zana kibiya biyu a kusurwar zanen: ta arewa, wadda kowane mai zane ke sawa, da ta alƙibla, wadda shi kaɗai ke sawa a ofishin. In ya gama gida, sai ya bi banɗakunan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa a kan fuskar kwamfutar, yana duba inda mai tsuguno zai fuskanta, don kada ya ba alƙibla gaba, kada kuma ya ba ta baya. Babu wanda ya taɓa yaba masa a kan wannan, domin aikin da aka yi daidai ba ya kiran kowa.

Ana nan sai Nafi'u, ɗaya mai zanen, ya tafi Abuja kwas na mako biyu. Mako biyu tak! Amma da ya dawo, ko tafiyarsa ta canza. Ya zo da satifiket a cikin gilashi ya rataye a saitin kansa, ya zo da sabon kibod mai fitilu kala-kala wanda ke ƙara kamar ana soya gyaɗa, ya kuma sanar da kowa cewa daga yau a riƙa kiransa Akitek, wato cikakken masanin zanen gini, ko da yake takardar makarantarsa ba ta ce haka ba. Abin da ya koyo a Abujan shi ne yanke, wato buga haruffa a kibod maimakon zuwa neman hotuna da maus. Shi yana kiran abin shotkot, yana ɗan karkata baki in zai faɗa.

A faɗi gaskiya ko don Allah: yaron ya iya. Hannunsa na hagu ba ya barin kibod. Ya buga L, layi ya fito. Ya buga C da O, abu ɗaya ya zama biyu, ya zama goma. Ya buga R da O, zane ya juya duk inda yake so. Babban ɗan yatsansa kuma yana kan doguwar madannar nan ta ƙasa, da zarar ya taɓa ta sai kwamfuta ta maimaita umarnin da ya gabata ba tare da an sake gaya mata ba. Kafin Malam Isiyaku ya nemo hoton layi, Nafi'u ya tayar da falo ya buɗe masa taga. Da a nan ya tsaya, da babu mai jin kansu. Matsalar Nafi'u ita ce iyawa ba ta yi masa daɗi sai in akwai wanda zai taka da ita.

“Baba, ka iso kuwa?” haka zai ce, ko juyowa ba ya yi. “Tun ɗazu na ga kibiyarka ta kama hanyar sama. Na ce ko in tsayar mata da ɗan acaɓa.”

Malam Isiyaku ya yi murmushin yaƙe, ya ce, “Za ta isa, Nafi'u.”

“Akitek, Baba.”

“Za ta isa, Akitek.”

Wata rana ma har cire wayar maus ɗin Malam ya yi ya ɓoye a aljihu, wai yana so ya ga ko Baba zai iya fita daga ɗakin da ya zana ba tare da sandarsa ba. Aka yi dariya, har da Alhaji Shitu. Malam Isiyaku ma ya taya su, amma ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Daf da faɗuwar damina, kwamitin wata makarantar Islamiyya ya kawo aiki. Gidajen malamai suke so, guda goma sha biyu, ƙanana masu ɗaki biyu da falo, a kewaye da fili: huɗu a layin arewa, huɗu a layin gabas, huɗu a layin yamma, kowane gida ƙofarsa na kallon tsakiyar filin. Shugaban kwamitin, Liman Ma'aruf, ya ce sun riga sun ajiye birkila da yashi da bulo, zane kawai suke jira, don suna so a fita daga ƙasa kafin ruwa ya kankama.

Aka ba Malam Isiyaku. Ya yi yini guda cur ranar Litinin a kan gida na farko, na layin arewa, ya fitar da shi tsaf, banɗakinsa na kallon kudu yadda ya kamata. Da safiyar Talata Alhaji Shitu ya tsaya a kansa, hannu a baya.

“Malam Isiyaku, sauran goma sha ɗayan fa? Yaushe?”

“Nan da kwana uku, Alhaji, in Allah ya yarda.”

Nafi'u ya fashe da wata irin dariya har da buga tebur. “Kwana uku! Oga, don Allah kana da agogo a hannunka?”

“Ina da shi.”

“To ka duba shi. Baba, ara mini gidan nan naka, kada a ce ban girmama na gaba ba.”

Kafin Malam ya ce uffan, Nafi'u ya janyo zanen zuwa tasa kwamfutar. Ya miƙe yatsu suka yi ƙas-ƙas, ya faɗa wa kibod. Gida ɗaya ya zama huɗu, layin arewa ya cika. Ya kwafi huɗun gaba ɗaya, ya buga R da O, suka juya suka jeru a yamma. Ya taɓa doguwar madanna, wasu huɗun suka juya suka jeru a gabas. Ya ja katanga ta kewaye su, ya watsa itatuwa a fili, har da hoton wata mota a bakin get, wadda babu malamin Islamiyyar da ya taɓa mafarkin irinta. Sannan ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare.

“Nawa, Oga?”

Alhaji Shitu ya dubi agogo, ya sake dubawa. “Minti huɗu. La ilaha illallahu! Minti huɗu!”

Malam Isiyaku daga kujerarsa yake hangen abin, kuma zanen na gilmawa da saurin da idonsa bai iya bi ba. Bai ga komai ƙarara ba, amma tun da ya ga gidaje suna juyawa gaba ɗayansu, banɗakunan suka faɗo masa a rai. Ya taso a hankali.

“Akitek, da ka juya gidajen nan, ka duba kibiyar...”

“Wace kibiya? Au, wannan ƙarin da kake sawa a kusurwa? Na goge ta, Baba, tana cika wuri. A Abuja ba a sa ta.”

“Alhaji, a ba ni zanen in duba, ko na rabin awa ne.”

“Rabin awa!” in ji Nafi'u. “Aikin minti huɗu za a duba a rabin awa. Oga, ka ji fa.”

Alhaji Shitu ya riga ya tafi. Nan take ya sa aka tura zanen ta waya zuwa ga birkila, ko takarda ba a tsaya bugawa ba. Nan take kuma ya yanke hukunci: daga yau sashen zane yana hannun Akitek, da babbar kwamfutar da ke kan teburin Malam. Shi kuwa Malam Isiyaku ya koma sito, ya shirya tsofaffin zane-zanen da suka taru tun shekaru.

Kowa a ofishin ya san ma'anar sito. Mutum biyu aka taɓa turawa can, kuma dukansu daga can gida suka wuce. Malam Isiyaku ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ba shi da gona, ba shi da shago, bai iya komai ba a duniya sai zanen gida. Ya hango kansa zaune a dakalin ƙofar gida da hantsi, masu wucewa suna ce masa, “Malam, yau ba a fita ba?” Duk da haka ya bi Alhaji har kan matakala, don abin da ke cin ransa ya wuce kujera.

“Alhaji, ba don kaina nake magana ba. Banɗakunan nan...”

Alhaji Shitu ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa. “Malam Isiyaku, da furfurarka? Hassada ba ta kamace ka ba. Yaro ya fi ka, ka yi masa addu'a kawai.”

Kalmar nan ta hassada ita ta rufe masa baki. Shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa jifansa da ita ba. Ya juya ya hau sama, ya naɗe wayar maus ɗinsa ya sa a aljihun babbar riga, ya shiga sito ya ja ƙofa.

Mako biyar ya yi a ciki, shi da gizo-gizo da atishawa. Ta jikin bango yana jin kibod na ta ƙara, yana jin Nafi'u na ba masu kawo aiki labarin minti huɗu. Labarin ma ya yi ta ramewa: a mako na biyu ya koma minti uku, a na huɗu ya zama biyu da rabi, har da cewa wai da hannu ɗaya ya yi, ɗayan yana riƙe da waya.

Ranar wata Laraba Liman Ma'aruf ya aiko cewa gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, kwamiti zai zagaya, ana so masu zane su zo. Alhaji Shitu ya sa shadda, Nafi'u ya sa hular kwano fara da wata riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ya rungumo kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai a bakin mota aka tuna babu mai riƙe bakin tef in za a yi awo. Aka leƙa sito aka kira Malam Isiyaku. Ya shiga baya ya zauna, tef a kan cinya.

Gini ya yi kyau, ba ƙarya. Birkilan, wani gajere mai suna Mato, yana gaba yana nuna wa kwamiti aiki, bakinsa har kunne. Ya ce shi ma bai yi wasa ba, don ya ji an ce masu zanen 'yan sauri ne. An haƙa sokawe, ramin tara ƙazanta, an binne bututai, an ma dasa masai na tsuguno a dukan gidajen goma sha biyu, an zuba kankare an shafe, ya bushe ƙam. Nafi'u na gefen Liman yana bayani ba a tambaye shi ba.

“Allah gafarta Malam, duk abin nan da kake gani, minti biyu. A da sai a yi mako ana abu ɗaya. Yanzu ilimi ya ci gaba.”

“Ma sha Allah,” in ji Liman. “Allah ya ƙara basira.”

Suka gama layin arewa lafiya. Suka shiga gida na farko a layin yamma. Liman Ma'aruf mutum ne mai jiki, kuma ya sha wuya a ƙananan banɗakunan mutane, saboda haka duk ginin da ya je dubawa sai ya gwada da kansa ko wurin zai ɗauki mutum. Ya tattare babbar riga, ya shiga, ya ɗora ƙafafunsa a kan matakan masan nan guda biyu, ya daidaita tsayuwa. Ya ɗago kai. Da yake ba a yi rufi ba, ba a kuma sa ƙyaure ba, idonsa ya wuce ta ƙofa, ya tsallake fili, ya sauka a kan masallacin makarantar da ke can gefe. Ya dubi masallacin. Ya dubi ƙafafunsa. Ya ga ya tsaya daidai yadda yake tsayawa sau biyar a rana in zai ba da salla.

Ya fito da baya da baya, kamar wanda ya taka wuta.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mato! Nan ina ne?” Ya miƙa hannu gaba.

“Gabas, Allah gafarta Malam.”

“Gabas! Ka san gabas ce ka dasa mini masai yana kallonta?”

Bai jira amsa ba. Ya shiga gida na biyu, haka. Na uku, haka. Na huɗu, haka. Ya ratsa fili da saurin da 'yan kwamiti ba su taɓa sanin yana da shi ba, ya faɗa layin gabas. A can kuma duk wanda ya tsuguna ya ba alƙibla baya ke nan. Huɗu sun ba ta gaba, huɗu sun ba ta baya. A gidajen malaman da za su koya wa yara hukuncin shiga banɗaki!

Mato ya cire hula yana fifita da ita. “Wallahi, Allah gafarta Malam, ni abin da aka turo mini a waya na bi. Tun ranar da muka ja igiya na ga abin bai kwanta mini ba. Na buga wa Akitek waya, ya ce kwamfuta ce ta zana, wai ni aji nawa na yi.”

Idanu suka koma kan Nafi'u. Gumi ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin hular kwanon. Amma mai baki ba ya rasa abin faɗa. Ya tsuguna, ya buɗe kwamfutarsa a kan wani bulo.

“Ai ba wani abu ba ne, Allah gafarta Malam. Ƙaramin gyara ne. Ka gani, in na danna kwantirol da Z, komai sai ya koma yadda yake. Ga shi, ga shi, sun koma. Yanzu sai in juya banɗakunan kawai. Ko minti ɗaya ba za a yi ba.”

Liman ya leƙa fuskar kwamfutar, ya waiwaya ya dubi ginin. Ginin na nan inda yake.

“To na ga na cikin akwatin sun koma,” ya ce. “Waɗannan na kankaren fa, wa zai danna musu?”

Mato ya ce, ƙasa-ƙasa, “Sai dai diga.”

Wani daga cikin 'yan kwamiti ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Liman kuwa ba dariya a fuskarsa. Ya fuskanci Alhaji Shitu, ya ce shi ya kawo aiki ofishin ne saboda shekara da shekaru duk gidan da aka zana a can ba a taɓa samun irin wannan ba, har ana cewa akwai wani dattijo a wurin mai sa alƙibla a jikin zane. Ya ce ko dattijon ya rasu ne?

Alhaji Shitu ya yi wuƙi-wuƙi da ido. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sai ga Malam Isiyaku can a bakin katanga, a rana, riƙe da tef ɗin da har yanzu ba a ce ya ja ba.

“Ga shi can, Allah gafarta Malam. Yana nan da ransa. Ai... ai shi ne babban mai zanenmu. Malam Isiyaku! Matso mana, me kake yi a rana? Gobe in Allah ya kai mu ka koma teburinka, a mayar maka da kwamfutarka. Kai za ka fitar mana da gyaran nan, ko kwana nawa zai ɗauka.”

Malam Isiyaku ya matso a hankali, irin tafiyarsa ta kullum. Ya ji idonsa na neman kawo ruwa, ya yi sauri ya gyara tabarau.

Nafi'u ya miƙe zumbur, ya ga kujera na suɓucewa a gaban jama'a.

“Haba Oga! Saboda kuskure ɗaya? Wa ba ya kuskure? A mayar da sashen zane hannun mutumin da ke yini guda a kan gida ɗaya? To a tambaye shi, ga shi nan. Baba, tsakaninka da Allah, a gaban Liman, ka faɗi gaskiya: duk ofishin nan akwai wanda ya kai ni sauri?”

Malam Isiyaku ya dubi layin yamma, ya dubi layin gabas, yana motsa baki kamar mai ƙirga. Sannan ya girgiza kai cikin ladabi.

“Babu, Akitek, wallahi babu. Banɗaki takwas a minti huɗu! Ni da maus ɗina, ko guda ɗaya zan ɓata sai na yini.”